Kurakuran da masu son karanta lissafi suka fi yi wajen zaɓen jami'a

Duk shekara idan JAMB ta fara sayar da fom, 'yan ajin ƙarshe kan tare ni a ƙofar ofishin malamai da tambaya guda: "Malam, wace jami'a ce ta fi?" Mai son likitanci ko aikin lauya ba ya rasa mai ba shi shawara, ko a gida ko a unguwa. Yaron da zuciyarsa ke kan lissafi kuwa shi kaɗai yake laluben hanya, wani lokaci ma ana yi masa dariya. Na daɗe ina koyar da lissafi a sakandare, kuma ramukan da yaran nan ke faɗawa kusan iri ɗaya ne.

Babban cikinsu shi ne zaɓen suna. Yaro ya ji ana cewa ABU ko BUK ko Ibadan, sai ya rubuta, bai san ko mutum ɗaya a sashen lissafin wurin ba. Sunan yana da dalilinsa, ban musa ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe tun 1962, kuma Farfesa Iya Abubakar, wanda ya yi digirin digirgir a Kambirij ya shugabanci jami'ar daga 1975 zuwa 1978, malamin lissafi ne a can. Amma tarihi ba ya tsayawa gaban allo. A cikin sashe guda za ka yi shekarunka, hannun malamai ƙalilan, kuma su ne za su gyara ka ko su bar ka yadda ka zo. Saboda haka ka binciki sashen. Malamai nawa ne masu digirin digirgir da ke zaune a wurin, ban da masu zuwa ziyara daga wata jami'a? Wane fanni suka fi ƙarfi a kai? Ɗalibai nawa ne a aji uku? Sakamako yana fita da wuri? Waɗanda suka fi kowa ƙoƙari bara da bara waccan, ina suke yanzu? Hukumar NUC mai kula da jami'o'i ta ba kwas ɗin cikakkiyar amincewa ko ta wucin gadi? Idan akwai hali ka je da ƙafarka, zuwa da kai ya fi aike. Ka sami ɗan aji uku ko huɗu a gindin bishiya, ka gaishe shi, ka tambaye shi. A minti goma zai gaya maka abin da ba za ka taɓa gani a shafin jami'ar ba.

Tun 2022 NUC ta fito da sabon tsarin manhaja wanda ya sa kashi 70 cikin 100 na darussa ya zama ɗaya a ko'ina, jami'a kuma ta cike sauran kashi 30 da abin da ta ga dama. Ke nan sunayen darussa ba za su bambanta sosai tsakanin Zariya da Dutsin-Ma ba. Bambancin yana wajen wanda zai koyar da su, da kuma wancan kashi 30.

Kuskure na biyu ya fi ba ni tausayi, domin yaran kirki yake kamawa. Ɗalibi ya saba cin A1, hannunsa da sauri, sai ya ɗauka lissafin jami'a ci gaban na sakandare ne da manyan lambobi. A aji ɗaya abin kan yi kama da haka. Daga aji biyu sai lambobi su fara ɓacewa daga allo, malam ya daina cewa "nemo amsa" ya koma cewa "kawo hujja". A nan ake rabuwa.

Ga gwajin da nake ba ɗalibaina. Tara lambobin mara a jere: 1 da 3 sun ba da 4. Ƙara 5, ka sami 9. Ƙara 7, ka sami 16. Huɗu biyu sau biyu ne, tara uku sau uku, sha shida huɗu sau huɗu. To me ya sa? Kuma wa ya tabbatar maka haka zai ci gaba har abada, ba a lamba ta dubu zai karye ba? Wani yaron yakan ce, "Malam, ai ga shi yana fitowa, shi ke nan." Wani kuma tambayar takan hana shi barci, gobe ya dawo da tsakuwoyi ya jera su murabba'i ya nuna mini yadda kowace lambar mara ke zagaye gefe biyu. Na biyun nan shi ne ɗan sashen lissafi. Na farkon ma ba laifi gare shi, sai dai zai fi jin daɗi a injiniyanci ko ƙididdiga ko akanta, inda lissafi kayan aiki ne. Ka san wane ne kai cikin biyun kafin ka san wace jami'a. Irin wannan sha'awa ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan: malamin Katsina Muhammad al-Kashinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu kan hanyoyin jera lambobi a murabba'i ta yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya.

Sai rikita sunayen kwasa-kwasai. Digirin lissafi zalla a tsangayar kimiyya daban, digirin koyar da lissafi a tsangayar ilimi daban, ko da yake sukan haɗu a wasu azuzuwa. Na biyun ya haɗa da darussan koyarwa da fita gwajin koyarwa, don haka lissafin da ke ciki bai kai na farkon yawa ba. Ƙididdiga ma kwas ne mai zaman kansa. A jami'o'in fasaha irin ta Minna da ta Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi karatun kan ɗauki shekara biyar, har da zaman koyon aiki a waje, alhali a sauran shekara huɗu ne. Babu marar kyau a ciki, amma kada ka shiga ɗaya kana zaton ɗayan ne.

Kurakuran fom kuwa ƙanana ne a ido, amma sukan ci shekara guda. Jarabawar JAMB darussa huɗu ce, maki 400, Turanci dole, lissafi dole, sauran biyun kuma ya danganta da jami'ar. Da yawa suna son fiziks, har a sakamakon WAEC ko NECO, inda ake neman kiredit biyar a zama ɗaya ko biyu. Na taɓa samun ɗaliba mai hazaƙa da ta bar wani ya zaɓar mata darussa a wurin rajista, ranar da layi ya yi tsawo. Ta ci maki mai kyau, amma haɗin darussan bai dace da sashen da take so ba, sai da ta jira wata shekarar. Har yau abin yana damuna, don da na zauna da ita mun duba littafin ƙa'idojin JAMB tare, da ba a yi haka ba. Ki duba da kanki, ka duba da kanka, jami'a bayan jami'a.

Ka kuma sani galibin manyan jami'o'i wanda ya sa su zaɓi na farko suke dubawa. A jami'o'in tarayya ana raba gurabe kashi 45 bisa cancanta, 35 ga jihohin yankin jami'ar, 20 ga jihohin da ke baya a ilimin boko. Maki ɗaya zai iya ba ka gurbi a nan ya hana ka a can. Abin farin ciki, masu neman lissafi ba su kai masu neman likitanci ko kwamfuta yawa ba, saboda haka mai maki mai kyau yana da zaɓi na gaske. Idan gurbi ya fito ka karɓe shi a CAPS, shafin JAMB na ba da gurabe, bayan ka tabbata an ɗora sakamakonka na sakandare. Wanda bai samu ba, karatun share fage na IJMB hanya ce ta shiga aji biyu kai tsaye.

Batun aljihu ma a yi shi a fili da iyaye tun kafin rajista. Kuɗin makaranta ɗaya ne kawai daga cikin nauyin. Akwai ɗaki, abinci, da kuɗin mota sau da yawa a shekara. Lissafi yana son kwanciyar hankali, kuma yaron da ke tunanin abin da zai ci da dare ba zai zauna awa uku kan hujja ɗaya ba. Jami'ar jiharku, ko ɗaya daga cikin sababbin na tarayya kamar Dutse da Kashere na 2011 ko Gusau da Birnin Kebbi na 2013, tana iya fiye maka wadda sai ka kwana a hanya. Ga 'ya'ya mata musamman, kusanci da gida sau da yawa shi ke sa iyaye su amince. Akwai bashin karatu na NELFUND tun 2024 ga ɗaliban makarantun gwamnati. A sa yajin aiki ma cikin lissafi: na ƙungiyar malaman jami'a ASUU a 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba.

Akwai kuma masu gudun lissafi gaba ɗaya saboda an ce musu "ƙarshenta dai koyarwa". Ni malami ne kuma ina alfahari da allina, amma maganar ba haka take ba. Bankuna, kamfanonin inshora, hukumomin ƙididdiga da masu sarrafa bayanai duk suna neman wanda ya iya tunani da lambobi, musamman idan ya haɗa da rubuta manhajar kwamfuta. Ga mai son zurfafawa, cibiyar kimiyyar lissafi ta AIMS da aka kafa a Afirka ta Kudu a 2003 tana da rassa a Senegal, Ghana, Kamaru da Ruwanda, kuma tana ɗaukar nauyin digiri na biyu gaba ɗaya. A Abuja akwai jami'ar kimiyya da fasaha ta AUST da Cibiyar Lissafi ta Ƙasa, a Italiya kuma akwai cibiyar binciken fiziks da lissafi ta ICTP a birnin Tiriyeste. Wuraren nan sakamakonka suke dubawa da wasiƙun malaman da suka san ka. Digiri mai daraja ta ɗaya yana farawa daga 4.50 cikin 5.00, kuma wasiƙa mai nauyi tana fitowa ne daga malamin da ya ga aikinka da idonsa. Shi ya sa idan ka je duba sashe, ka lura ko ƙofofin ofisoshin malamai a buɗe suke, ka kuma tambayi ɗan aji huɗun nan ko mai duba aikinsa na kammalawa ya san sunansa.