Yadda Ake Tantance Labarin "Na Ga Tsuntsun Da Ya Ɓace"

Akwai wani babban maƙwaƙƙwafi mai farin baki, masana na kiransa Campephilus principalis, wanda ya rayu a kurmin fadamun kudu maso gabashin ƙasar Amurka da kuma Kuba. Ganin ƙarshe da kowa ya yarda da shi a Amurka ya faru ne a 1944, cikin wani daji da ake sarewa a jihar Luwiziyana. A 2005 masu binciken tsuntsaye na Jami'ar Cornell suka ce an sake gano shi a Arkansas, babbar hujjarsu kuwa bidiyo ne na daƙiƙa huɗu da David Luneau ya ɗauka daga cikin kwalekwale a 2004. A 2006 masanin tsuntsaye David Sibley da abokan aikinsa suka nuna cewa tsuntsun bidiyon zai iya zama ɗan'uwansa Dryocopus pileatus, wanda ya cika waɗancan dazuka. A 2021 hukumar kula da kifi da namun daji ta Amurka ta nemi a ayyana cewa mai farin bakin ya ƙare, a 2023 kuma ta ɗage hukuncin.

Wannan tsuntsu ba na Afirka ba ne, amma ma'aunin da ake auna labarinsa shi za ka ɗauka idan ka ga baƙon tsuntsu a dajin Lekki Conservation Centre da ke Legas, ko aka turo maka bidiyo a zauren WhatsApp na 'yan unguwa a Agege.

Fara da wanda ya fi yawa. Kafin ka ambaci sunan tsuntsun da ba a cika gani ba, tambayi kanka: wane tsuntsu na yau da kullum ne ya yi kama da shi, kuma me ya raba su? A Amurka bambancin yana fiffike. Mai farin baki yana da fari a gefen bayan fiffikensa, idan ya naɗe shi a jikin itace sai farin ya fito fili a ƙasan bayansa. Ɗan'uwan nasa kuwa farinsa yana gaba-gaba a ƙarƙashin fiffike, gefen baya baƙi ne. Macen mai farin baki tukkunta baƙi ne, alhali wancan mace da namiji duk ja ne. Duk bayanin da bai taɓo irin waɗannan alamomi ba, ajiye shi gefe, komai dattakun mai bayarwa. Mutum ba ya buƙatar yin ƙarya kafin ya yi kuskure. Ido yakan cike gurbin abin da zuciya ke marmari.

Rubuta abin da ka gani kafin ka buɗe littafin gane tsuntsaye. Lokaci, wuri, nisanka da shi, inda rana take, launin baki, inda fari yake, yadda yake tashi. Zana shi ko da zanen bai yi kyau ba. Da zarar ka kalli hoton littafi, shi zai maye gurbin abin da idonka ya gani.

Bidiyo kuma nan ne ake yawan tafka asara. Waya tana ɗaukar hoto 30 a daƙiƙa, tsuntsu mai gudu sai ya fito dishi-dishi, farin ƙarƙashin fiffike ya shafe har ya yi kama da na sama. Wannan ne ainihin gardamar da aka yi kan bidiyon Arkansas. Saita wayarka a hoto 60 a daƙiƙa tun daga gida, ka jingina gwiwar hannu a jikin itace, kada ka ja hoton da yatsu don ya girma, domin yawanci ƙara shi kawai yake yi ba tare da ƙarin bayani ba. Gara ka ɗora kyamarar a bakin madubin hangen nesa. Idan za ka tura wa wani, tura shi a matsayin fayil, don WhatsApp yana matse bidiyo ya rage ingancinsa. Asalin kuma kada ka yanke shi.

Sauti shi kaɗai ba ya wadatarwa. An san mai farin baki da bugun itace sau biyu a jere, amma gugar rassa da harbin bindiga daga nesa kan ba da makamancinsa, wani tsuntsu mai shuɗi na can kuma yakan yi kuka irin nasa. Naɗi aƙalla minti ɗaya, ka yi shiru, sai a ƙarshe ka faɗi wuri da lokaci da bakinka.

Idan ka tsinci gashin tsuntsu, ɗauki hotonsa a inda yake, ka sa shi a ambulan ta takarda. Leda tana riƙe danshin Legas, gashin ya yi fumfuna, gwajin ƙwayoyin halitta ya lalace.

Daga nan sai ka koma wurin da sassafe tare da wani masani, ba tare da ka gaya masa sunan da kake zato ba. Shigar da rahoton a eBird, shafin intanet na tara bayanan ganin tsuntsaye, inda masu tantancewa za su nemi hujja, ko ka aika wa cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Jos. Takamaiman wurin sheƙa kuwa ka bar shi tsakaninka da su, kada masu tarko da 'yan kasuwar tsuntsaye su riga masu bincike zuwa.