Ka sauka Akara: suna da unguwa ne ke fara gabatar da kai

Ɗan'uwa, a Akara, babban birnin Gana, idan aka tambaye ka inda kake zaune, amsar da ka bayar ta riga ta faɗi rabin labarinka. Ka ce Nima ko Mamobi ko Sabon Zango, nan take an sa ka cikin 'yan zango: Musulmi, mai jin Hausa, mai cin wake da shinkafa da safe. Ka ce East Legon ko Cantonments, sai mai tasi ya ƙara maka kuɗi tun ba ka rufe baki ba. Jamestown da Chorkor da Teshie kuwa na mutanen Ga ne, masu gari, da yawansu masunta.

Kalmar zango tamu ce, fatake suka tafi da ita zamanin cinikin goro. Sabon Zango ma Malam Baƙo ne ya kafa ta a farkon ƙarni na 20. Amma kada ka ji Hausa ta cika titin Nima ka zaci kowa ɗan Kano ne ko Katsina. Akwai Dagomba, Mosi, Zabarmawa, Kotokoli, Wangara, Fulani, duk Hausa ta haɗa su. Za ka ji ana ce wa mace “ya zo”. Kada ka gyara wa kowa, haka Hausarsu take, kuma a gidansu kake.

Batun asali ka bi shi a hankali. A 1969 gwamnatin Firaminista Busiya ta kori baƙi marasa takardu, gidaje da yawa a zango suka watse. Wanda kakansa ya sha wannan ba ya son sabon zuwa ya tsare shi da “asalinku ina ne?” Ɗan Gana ne, shi ke nan.

Sunaye kuma ba za su ba ka wuya ba, don mu ma muna da irinsu. Kofi Ɗanjuma ne, Akosua Ladi, Ama Asabe, Kwame namijin Asabar. Ka ji Nii ko Naa a gaban suna, mutumin Ga ne. Fuseini kuwa Husaini ne a bakin mutanen arewacin ƙasar.

Unguwa mai suna Fadama biyu ce, ka kiyaye. Sabuwar ita ce unguwar Babban Limamin ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu. Tsohuwar tana gefen kasuwar Agbogbloshie, matsattsen wuri ne na masu neman na yau. Kafin ka hau trotro, wato ƙaramar bas ta haya, ka faɗa wa yaron mota wadda kake nufi.

In za ka kama ɗaki, fara da liman ko sarkin zangon unguwar, su haɗa ka da maigida. Ka riƙe kuɗi sosai, don masu gidaje kan nemi hayar shekara guda, wasu har biyu, kafin su miƙa makulli.