Darasi Na Bakwai: Idan Birkin ABS Yana Rawa A Tafiyar Sannu

Direba ya taso daga Samaru, ya iso cunkoson Kwangila yana tafiya sannu a hankali, ya taka birki domin ya tsaya a bayan wani mai keke-napep. Sai ya ji birkin yana rawa a ƙarƙashin ƙafarsa tare da gurnani, motar kuma ta ɗan zarce inda ya nufa. Titi a bushe yake, babu santsi, kuma fitilar gargaɗi ba ta kunnu ba.

Aikin ABS, wato na'urar da ke sarrafa birki, shi ne hana taya ƙamewa, wato daina juyawa, idan aka taka birki da ƙarfi. A yawancin motoci, a kusa da kowace taya akwai sensa da ke karanta wani zobe mai haƙora yayin da yake juyawa, sannan ta aika wa kwamfutar mota da saurin tayar. A motoci da yawa, musamman tsofaffi, saƙon nan yana raguwa idan gudu ya ragu. Saboda haka idan sensa ɗaya ta yi rauni, saƙonta kan ɓace gab da tsayawa, sai kwamfuta ta ɗauka tayar ta ƙame, ta riƙa sakin birkin tana kamawa.

Abin da ya fi jawo raunin shi ne tsatsa. Motocin Kwatano da yawa sun fito ne daga ƙasashen sanyi inda ake zuba gishiri a titi domin narkar da ƙanƙara, kuma tsatsar da ta taru a mazaunin sensa takan ɗaga ta, ta nisanta ta daga zoben. Taɓon damina da garin ƙarfe da ke manne wa bakin sensa su ma suna ɓata karatun. Haka nan zoben da ya tsage, ko boris, wato abin da taya ke juyawa a kansa, da ramukan hanya suka sa ya yi lako-lako, ko waya da ta gurje.

Kada ka yarda a canza kwamfutar ABS tun ba a yi gwaji ba, domin tana da tsada kuma galibi ba laifinta ba ne. Ka nemi bakaniken da ke da na'urar bincike mai nuna saurin tayoyi huɗu a lokaci guda. Mutum ɗaya ya tuƙa a fili marar jama'a, ɗayan ya zuba wa na'urar ido. Tayar da lambarta ta faɗi zuwa 0 alhali sauran suna nuna tafiya, a nan cutar take.

Daga nan a kwance sensar a hankali, domin robarta tana saurin karyewa, a goge bakinta, a kankare tsatsar mazauninta har ƙarfe ya fito fes, a duba haƙoran zoben ɗaya bayan ɗaya, a jijjiga tayar a ji ko boris yana wasa. A tabbatar kuma tayoyin huɗu girmansu ɗaya ne. Bayan an mayar da komai, a koma filin nan a sake gwajin kafin a shiga cikin gari.