Yadda za ka yi sharhin wasan gem da ya sauya salo daga na baya

Ina da ɗan shagon gem a unguwar Yelwa, nan Garwa, kuma nakan rubuta sharhi ga samarin da ke zuwa wurina kafin su zuba sefarsu a kan sabon faifai. Wanda ya fi ba ni kunya shi ne na God of War na 2018. Awa biyu kacal na buga, na rubuta cewa sabon salon ya kashe mana Kratos, jarumin wasan. Mako bai zagayo ba na goge shi da hannuna. To, ga yadda nake yi yanzu.

Kafin ka taɓa sabon, koma kan tsohon ka buga ko da awa ɗaya. Tunani yana shafa wa tsohon abu zuma. Ɗauki takarda ka rubuta abin da yatsunka suke yi. A God of War III na 2010 kyamara tana nesa, ba kai ke juya ta ba, Kratos yana wulwula wuƙaƙensa masu sarƙa, kana tsalle da maɓallin X na manet, wato abin da kake riƙewa kana sarrafa wasan. A na 2018 kuwa kyamarar ta manne masa a bayan kafaɗa, an ba shi gatari, an cire maɓallin tsalle gaba ɗaya, duka ya koma maɓallan R1 da R2. Da ka jera su haka, ka san abin da za ka auna.

Sai abin da ya kayar da ni: awannin farko, fushin yatsunka ne ke magana. Na ga wannan a kan wani yaro da ya saba da tsofaffin wasannin. Dodo ya taso masa, shi kuwa yana ta danna maɓallin murabba'i, wanda a da shi ne na duka. A allo Kratos na tsaye ƙiƙam, ɗansa Atreus ne ke ta harba kibiya. Ya juyo a fusace: "Kawu, manet ɗin nan ta mutu!" Na ce, "Lafiyarta lau, ɗana, ɗaga yatsa sama." Duk abin da ka rubuta a irin wannan hali ka ajiye shi gefe. Sai ranar da ka jefa gatarin, ka kira shi ya dawo tafin hannunka ba tare da ka dubi manet ba, sannan ka soma hukunci.

Daga nan ka yi wa kowane sauyi tambaya biyu: me ya kawo, me ya ci? Kyamarar kusa ta sa kana jin nauyin kowane sara, amma ta rufe maka baya. Waɗanda suka ƙirƙiri wasan sun san haka, shi ya sa suka sa 'yan alamomi kewaye da Kratos masu nuna inda hari zai fito, Atreus ma yana yi maka kashedi da baki. Aikinka ka faɗa ko wannan facin ya toshe ɓarakar. A ganina ya toshe, sai dai idan maƙiya sun yi yawa a wuri matsattse. Rashin tsalle kam har yau ban yafe ba.

Kada ka ajiye wasan a rabin hanya. Wuƙaƙen nan masu sarƙa da na yi ta kukansu suna dawowa can gaba cikin labarin. Na faɗa yanzu don wasan ya tsufa. In sabo ne, iyakarka ka ce wa tsofaffin 'yan wasa su yi haƙuri, akwai rabonsu a gaba.

Ka tuna mutum biyu ke karanta ka: wanda ya taso da jerin, da wanda yau ya fara. Yakuza: Like a Dragon na 2020 ya bar dambe kai tsaye, ya koma faɗan da kowa ke jiran layinsa ya kai hari. Wanda ya zo don naushi, gaya masa gaskiya tun a layin farko, kada ya yi asarar kuɗinsa. Baƙon kuma ka faɗa masa ko zai gane labarin ba tare da na baya ba.

A ƙasan sharhin ka rubuta na'urar da ka buga a kai, awa nawa, da matakin wahalar da ka zaɓa. Kuma ka raba laifin wasa da na gari. A zafin Afrilun Garwa fankar na'urata ta PS4 tana ƙugi kamar babur ɗin haya, ranar da aka ɗauke wuta kuma ina tsakiyar faɗa da Baldur, babban abokin gabar Kratos, na kusa rage wa wasan maki ɗaya.