Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa injin ɗaurin ciyawa da ƙaramar tarakta

Da zarar ruwa ya ɗauke a ƙasar Zazzau, wajen watan Oktoba, hankalin mai kiwo sai ya koma kan abin da dabba za ta ci daga tsakiyar hunturu har faɗuwar damina. Lauje muka gada, mu yanke gamba da kyasuwa, mu ɗaure harawar gyada da ta wake mu ɗora a rumfa. Yanzu kuwa duk wanda ya taɓa ganin damman ingirici a jere a cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika, sai ransa ya biya da injin nan mai kwashe ciyawa ya matse ya ɗaure, wanda direbobi ke kira bela. Ni ma haka ta faru da ni, kuma na yi asarar da nake so wani ya tsallake.

Mafarin ɓarnar shi ne a sayi bela kafin a dubi taraktar da za ta ja ta. Ƙarfin dokin da aka rubuta a jikin tarakta na inji ne, wanda ke fita ta PTO, wato sandar da ke juyawa a bayanta, bai kai haka ba. Bela mai fitar da dami mai kusurwa huɗu tana son ƙarfin doki kusan 35, nauyinta ya haura tan guda, kuma a cikinta akwai ƙarfen da ke dukan ciyawa gaba da baya ba hutawa. Ka ɗaura ta a bayan tarakta mai doki 25 ka ga yadda kowane bugu ke jijjiga direba a kujera, in an zo gangare kuma belar ce ke tura taraktar. Mai irin wannan tarakta, ƙaramar bela mai naɗe dami kamar ganga ce daidai da shi. Tana aiki da doki 20 ko kusa da haka, daminta kuma wajen kilo 20 ne, yaro matashi ma ya saɓa. Wanda ya riga ya sayi babbar, gara ya riƙa hayar babbar tarakta irin Massey Ferguson 375 ranar ɗauri.

Sai gona. Mu nan a kan kunya muke shuka, su kuwa injinan nan don shimfiɗaɗɗen fili aka ƙera su. Haƙoran da ke tsince ciyawa a gaban bela siririn ƙarfe ne, in suna karo da kunya sai su lanƙwashe, su kuma kwashi ƙasa su cusa cikin dami, dabba ta shinshina ta kau da kai. Filin da za a yanka da inji tun farkon damina ake baje shi da haro, a tone kututture, a rushe suri, a tsince duwatsu. Harawar gyada da ta wake da aka noma a kunya kuwa, a kwaso ta zuwa fili mai laushi, a jera ta layi-layi, sannan bela ta bi.

Wurin ɗaura bela a tarakta shi ne inda na fi ƙonewa. Bela mai kusurwa huɗu a ƙarfen ja na ƙasan tarakta ake ɗaura ta, amma sau da yawa za ka ga an gitta ƙarfe mai huji-huji tsakanin hannuwan nan biyu masu ɗagawa an saƙala ta a nan, wai ya fi sauƙi. Da hannuwan sun motsa sama ko ƙasa, shaf ɗin da ya haɗa PTO da bela ya shiga uku. Ka'idar ita ce, a tarakta mai juyi 540 a minti, daga bakin sandar PTO zuwa tsakiyar hujin fil ɗin ƙarfen ja inci 14 ne, wato kusan santimita 36. Ka sa awo ka gwada, ka ja ƙarfen ciki ko waje har ya yi daidai, ka kulle shi kada ya riƙa lilo, fil ɗin kuma a sa masa makari a ƙasa.

Ranar da na fara fita da tawa ban auna komai ba. Layin farko lafiya lau. Da direba ya sha kwana a ƙarshen gona sai muka ji ƙara kamar an sari ƙarfe da gatari. Shaf ɗin ya yi tsawo, ɓangarorinsa biyu sun shige juna har ƙarshe, ƙarfin ya rasa inda za shi sai ya fasa kuros ɗin, wato gaɓar da shaf ke lanƙwasawa a kai. Sati biyu ina neman irinsa tsakanin Sabon Gari da Kaduna, ciyawar da na yanke tana kwance rana na cinye ta. Maganin bai kai aikin awa guda ba: a zare shaf ɗin gida biyu, a maƙala ɗaya a tarakta ɗaya a bela, a karya taraktar iya kwanar da za ta iya, a jera su gefe da gefe a ga abin da ya yi yawa. A yanke daidai wa daida a kowane ɓangare, a goge bakin da zarto, a shafa giris. Kada kuma a zarce da yanka, ko a miƙe ake tafiya a bar aƙalla kashi ɗaya cikin uku na tsawon a cikin juna. In kwanar ta yi tsanani, a kashe PTO kafin a sha ta.

Akwai wani ɗan noti a jikin babban faifan nan mai nauyi da ke juyawa a gaban bela. Da gangan aka yi shi mai rauni, don in bela ta haɗiyi dutse ko ciyawa ta cushe, shi ya tsinke sauran kaya su tsira. Da nawa ya tsinke sau biyu a yini guda, na ce wa wani dattijon bakanike ya nemo mini mai ƙarfi. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, in na sa maka wanda ba ya karyewa, gobe giyabos za ka zo nema." Ya yi gaskiya. Ka sayi irin na asali guda goma ka ajiye a akwatin tarakta. In yana yawan tsinkewa, wuƙar cikin bela ta dakushe, ko layin ciyawar ya yi kauri, ko direba na gudu.

Gudun ma da giya ake rage shi. Direbobi kan sassauta totur don tsimin gas, alhali bela tana son PTO a kan 540 ɗinta cur. A tsohuwar tarakta wadda PTO ɗinta ke haɗe da giya, faifan nan kan ci gaba da tura ta gaba ko an taka kuloci, don haka a sa mata ɗan kan nan mai barin shaf ya juya shi kaɗai.

Rigar roba da ke rufe shaf kuwa, don Allah kada a cire ta. Juyi 540 a minti sau tara ke nan a daƙiƙa guda. Babbar riga, jelar rawani ko hannun kaftani, da ya taɓa shi ke nan, babu wanda ke da saurin ƙwacewa. A kashe inji a zare makulli kafin a sa hannu a cire cushewa, yara kuma su tsaya nesa.

Ɗanyen ɗauri ma yana cin mutane. Ingiricin da damshinsa ya wuce kashi 20 cikin ɗari zai yi zafi a cikin dami, ya yi fumfuna, wani lokaci har ya kama wuta a ɗakin ajiya. Ka damƙi tsakiyar layi ka murɗa, in ka ji sanyi ko ka ga danshi a kara, a bar shi ya ƙara kwana. Harawa kuma akasin haka take ba da wahala, domin in iskar hunturu ta busar da ita ƙayau, ganyen da shi ne abincin duk sai ya kakkaɓe a bar ka da tsirara kara. Da sassafe ake ɗaure ta, kafin raɓa ta gama tashi.

Bela ba ta yanka, ba ta tarawa. Mai lissafin kuɗi ya sa da injin yanka da na tara ciyawa layi-layi, da igiyar da ta dace da abin ƙulla igiya na belarsa, don igiyar da kaurinta bai yi daidai ba ita ke sa dami ya fito a kwance. A injinan yanka, mai ganguna biyu masu juyawa ya fi jure irin filayenmu, kayansa kaɗan ne, wuƙaƙensa kuma a gona ake canza su. Wanda filinsa bai wuce kadada ɗaya ko biyu ba kuwa, kafinta ya buga masa akwatin katako, a shimfiɗa igiya biyu a ciki, a cusa ciyawa a tattake da ƙafa a ɗaure, damin ya fito da kusurwoyinsa ya hau kan ɗan'uwansa a ɗaki.