Darasi na 7: Yadda za ka gane ana koyar da motsa jiki da kyau a makarantar yaranka

Jama'a wannan darasin namu ne mu iyaye, musamman waɗanda ke cikin kwamitin makaranta ko ƙungiyar iyaye da malamai a nan Gombe. Da yawanmu in mun wuce firamare muka ga yara a fili sai mu ce ai wasa kawai suke, malam ya gaji da alli ya sake su, alhali darasin motsa jiki da lafiya yana cikin manhajar firamare da ƙaramar sakandare kamar lissafi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar aƙalla minti 60 kullum yana motsa jiki har numfashinsa ya ɗan ɗaga. To ya za ka gane ko malam yana yi daidai?

Ba sai ka iya boko sosai ba. Ka tsaya gindin bishiya ka zaɓi yaro ɗaya da ido, ba wanda ya fi kowa iya ƙwallo ba, wani can shiru-shiru, ka bi shi da kallo har a tashi. Abin da aka fi gani shi ne aji guda cunkus, ƙwallo ɗaya tal, malam ya jera su layi dogo kowa ya zo ya buga sau ɗaya ya koma baya, kafin layi ya sake zagayowa an kaɗa ƙararrawa, kenan yaron nan rana kawai ya sha a tsaye, ko kuma a zaɓi 22 su buga sauran su zama 'yan kallo, kullum kuma su ɗin ne dai ake zaɓa. Malamin da ya san aikinsa raba su yake ƙungiya-ƙungiya, biyar-biyar ko shida-shida, ya zana musu fili da toka, waɗannan suna tsallen igiya, waɗancan suna langa, wasu na jifa da cafe da ƙwallon tsumma, bayan ɗan lokaci ya busa usur a yi canji. Maganar wai babu kaya ni dai ban cika yarda da ita ba, langa ƙafa ɗaya kawai take bukata kuma tana koya wa yaro tsayuwa da daidaita jiki.

Sai bayani. Ya zama gajere, ya nuna da jikinsa ko ya sa wani yaro ya nuna, sannan a fara. In suna yi ya riƙa zagayawa yana gyara da suna, irin "Habu lanƙwasa gwiwa in za ka dira", ba ihun "ku yi da kyau" daga inuwa ba, don yaro bai san me zai gyara ba. Kuma a fara da mai sauƙi, a ɗumama jiki tukuna da ɗan sassarfa kafin gudu mai ƙarfi.

'Yan mata fa? Sau da yawa a gefe ake barinsu suna hira ko ma a ce su je shara. Ba sai sun cire hijabi ba, wando dogo da ƙaramin hijabi sun wadatar, in iyaye sun fi so a ware musu gefensu da malama, a yi hakan, amma su motsa.

Akwai kuma lafiya, nan kam ba wasa. Zafin Maris da Afrilu a Gombe kun san shi, gara a yi darasin da safe, kuma a tanadi ruwan sha kusa. Yaro mai sikila a sanar da malam tun farko, shi rashin ruwa a jiki da wahala mai yawa na iya tayar masa da ciwo, mai asma kuma ƙurar hunturu ce matsalarsa, duk suna iya shiga amma a bar su su huta in sun nema. A share fili daga kwalba da ƙusa tunda da yawa ba takalmi suke gudu. Sannan don Allah a daina horo da tsallen kwaɗo ko zagaye fili, yaron da aka saba hukuntawa da gudu ba zai so gudu ba ko an kai shi filin wasa na Pantami.

Aikin wannan makon: ka nemi izinin hedimasta, ka tambayi ranar da ajin ɗanka ke fita fili, ka je da agogo ko waya. Ka rubuta a littafinka minti nawa yaron da ka zaɓa ya yi yana motsi, minti nawa yana tsaye, da ko 'yan mata sun shiga. Ka zo da shi aji mu karanta tare.