Kurakuran masu ɗaukar tarihin noma daga bakin dattawan Sakkwato

Ɗalibai da malaman gona kan shiga ƙauyukan Wurno, Goronyo da Kware don jin yadda magabata suke tare ruwa su raya ƙasa. Da yawa sukan dawo da waya cike da hira, amma babu abin kamawa.

Laifin yakan fara daga tambaya. Ka zauna a zaure ka ce, "Baba, waɗanne dabaru kuke bi wajen alkinta ƙasa?" Zai ce ruwa na Allah ne, ya ja bakinsa. Ba rowa ya yi maka ba, tambayar ofis ka kawo. Ku taka zuwa gonar. Nuna layin gamba da ke kan iyaka ka ce, "Baba, wa ya dasa wannan?" Tambayi abin da ya sa kunyoyinsa suka gitta gangare, da abin da ya hana shi sare gawon tsakiyar gona. Nan za ka ji cewa gawo da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa gero rana, ga taki a gindinsa.

Wani kuskuren shi ne matsa wa tsoho ya faɗi shekara. Don kunya zai ba ka wata, kai kuma ka rubuta. Gara ka ɗaure labarin da abin da kowa ya shaida: farin 1973 ne ko na 1984? Sarkin Musulmi Abubakar na III, da ya rasu a 1988, yana da rai? An gama madatsar Bakolori a 1978, kuma manoman fadamar da ke ƙasa da ita sun san lokacin da ruwan da ke malala wa shinkafarsu ya ja baya.

Wasu daga sarkin noma sai gida. Ina matan da ke tara toka da shara a kai gona? Ina Fulanin da ke sauka da shanu bayan girbi?

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne gyara wa dattijo Hausa. Ya ce "ya zaka", ka rubuta "ya zo". Bar Sakkwatanci yadda ya fito, musamman sunayen ƙasa da na ciyawa; in ba ka gane ba, sake tambaya.

Kafin ka kunna waya, nemi izini. In ka gama, rubuta sunan ƙauyen da ranar, ka kwafe muryar wuri biyu, ka tura wa jikansa ɗaya.